Takardar Kawu Bukar da Rijiyar Gidanmu

Ku da kuka san Kawu Bukar, kun san ba ya shan ruwan gidan kowa sai ya yi masa barbaɗe. Ki kawo ruwa ki durƙusa, sai ya zaro 'yar kwalba daga aljihu, ya zuba wani baƙin gari, ya juya, ya jira. Sannan ya manna maganaɗisun tsohuwar rediyo a gindin kofin, garin ya taru wuri guda, ya tsiyaye ya sha. Ke kuwa gwiwarki ta gama ciwo.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ya koyar da ilimin sinadarai a jami'a, da ya yi ritaya ya mai da zaurenmu na Ƙofar Na'isa ɗakin gwaji. Ƙwayoyin baƙin garin nan, in ji shi, sun fi ƙarfin ido, nano ake ce musu. Shi ya shafa musu wani sinadari, wai ya yi musu haƙora, su cafke dalma da sauran gubar ƙarfe da ke cikin ruwa.

Ranar neman auren ɗana ma bai fasa ba. Alhajin gidan ya ɓata rai ya ce, "Malam, ruwan leda ne fa."

"Ledar na sani, Alhaji. Ruwan ne ban sani ba."

Wallahi saura ƙiris a fasa auren!

Ga kuma farar takarda da yake sokewa a hula. Ita ma ya shafe ta da nano ɗinsa, da ta ji muguwar iska sai ta yi baƙi. In mun yi dariya ya ce, "Hanci yana gajiya, Falmata. Takarda ba ta gajiya."

To, matar ɗan nan nawa ta haihu, ana jibi suna famfo ya ƙafe. Na ce a buɗe tsohuwar rijiyarmu da ta shekara a rufe, na kira Malam Sale mai yasar rijiya. Da hantsi ya zo, aka buɗe, wani ɗan wari ya taso. Ya zura fitila har ƙasa, ya jawo ta tana ci.

"Lafiya lau, Hajiya. In da mugun abu, da ta mutu."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga, sai ga Kawu ba ko takalmi. Ya cire takardar hularsa ya jefa a guga, ya zura. Da ya jawo, ta yi baƙi ƙirin.

"Fito, Sale."

"Malam, tun ina saurayi nake wannan aiki. Fitila ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

"Wannan iskar ba ruwanta da fitila. Kai take jira."

Ni kuwa raina ya ɓaci. Baƙi na tafe, babu ɗigon ruwa a randa. Na ce, "Haba Kawu! Ɗan warin da aka ji ma ai ya wuce!"

"Bai wuce ba, hancinki ne ya gaji."

Malam Sale ya zura ɗaya ƙafar. Kawai sai Kawu, dattijo mai furfura, ya zauna a bakin rijiyar, ya naɗe igiyar a hannunsa ya riƙe tam. Ya ce, "In za ka sauka, tare za mu tafi. Ni ba zan saki ba."

Ƙafafun Malam Sale na reto a cikin duhu, Kawu na neman zamewa.

Can Kawu ya ce, "Falmata, kawo kaza."

Babbar da na yi wata biyu ina kiwo don suna ya nuna. Aka ɗaure ta a guga aka zura. Muka ji kuka, muka ji fuffuka, sai shiru. Da aka jawo, wuyanta ya langaɓe.

Malam Sale ya fito da rarrafe, ya zauna a ƙasa yana salati. Kawu ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Mushe ce, kada wanda ya ci. Allah ya ji ƙanta, ta yi aikin kimiyya."

Da ruwan 'yan garuwa muka yi suna. Shi ma sai da Kawu ya yi masa barbaɗe a gaban surukai.

Bara da Kawu ya rasu, maza suka dawo daga maƙabarta suka ce kafin su isa, Malam Sale ya riga ya kama haƙa, ya ƙi ba kowa diga. Ya ce, "Shi ya hana ni shiga ramina. Nasa ni zan gyara masa."

Hularsa tana wurina, sabuwar takarda na soke a jiki, fara tas. Ban taɓa ce maka na gode ba, Kawu, kuma abin yana damuna. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya sa iskar Aljanna ce kake shaƙa.