Badaru da Kajin Inna A'i

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, samarin Kiyako suka watse neman aiki, wasu Kano, wasu wajen masu shimfiɗa kwalta. Badaru bai je ko'ina ba. Gona ma sai an yi masa gori yake leƙawa. Da mahaifiyarsa Inna A'i ta rasu ta bar kaji cike da akurki, sai ya ɗora wa kansa sarautar sanin kaji, alhali ko dusa bai taɓa jiƙa musu ba.

Cikinsu akwai wata wake-wake mai son kwanci. Badaru ya tafi kasuwar Sara ya sayo ƙwan zabi cike da ƙwarya, ya jibge mata gaba ɗaya.

Matarsa Rahmatu ta ce, "Malam, ai fiffikenta ba zai rufe wannan ba. A rage mana."

Ya ce, "Ke me kika sani? Kaza ce, za ta buɗe."

Ba ta buɗe ba. Kuma bai bar ta ta huta ba. Kullum sai ya ɗaga ta, ya girgiza ƙwai a kunne, wai yana sauraron motsi. Tana saran hannunsa yana zaginta. Ƙwai suka yi dungu, ɗaya ya fashe masa a gaban riga, har a masallaci aka riƙa matsawa daga kusa da shi. Ya ce bakin mutane ne.

Kazar ta ci gaba da kwanci a kan ƙasa tsura. Maimakon ya ɗauke ta daga gurbin ya kife ta da kwando a inuwa, kamar yadda matan unguwa ke yi, sai ya tsoma ta cikin randar ruwan sha, ya soke mata gashi a hanci. Sauran kajin da ya bari da yunwa suka fara fasa ƙwansu suna sha, suna tsigar juna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙona musu baki da garwashi. Zakaran gidan ya tsane shi, ko ban-ɗaki zai zaga sai da sanda.

Daga baya wake-waken ta tsallake danga, ta yi ƙwai ƙarƙashin rumbun maƙwabcinsa Buba, ta ƙyanƙyashe 'yan tsakinta lafiya lau. Badaru ya je yana kumfar baki.

Buba ya ce, "Kwashe su, Malam Badaru. Amma ka sa musu ido, shirwa na yawo."

Ya kwaso su, ya zube a tsakar gida, ya fita gaya wa mutane dabararsa ce ta yi aiki. Kafin kaka shirwa ta gama da 'yan tsakin. Rahmatu ta kwashe ragowar kajin ta kai gidan yayarta a Surko.

Badaru bai ji kunya ba. Ya ce kaza dabba ce marar tunani, ba ta dace da mai basira irinsa ba. Ya ari tsani ya hau kafa tukwane a katanga, wai zai koma kiwon tattabaru.