Tsarabar Jar Gyaɗa

Ranar da cibiyar binciken noma ta Samaru ta buɗe ƙofa ga baƙi, ni na jagoranci matan zumuntar cocinmu. Har da mahaifiyata, Inna, wadda ta zo daga ƙauye ganin jikarta, ta kafe sai ta ga gonar 'yan boko.

Tun a bakin ƙofa aka ja mana kunne kada a taɓa komai. Inna ta ce ta ji. Amma manomiya ce, ba ta ganin ƙwaya ta wuce ba ta gwada ta da haƙori ba.

Muna ɗakin nuna iri na waiga na ga leɓen Inna jajir. Gyaɗa ce a faranti, an cuɗe ta da jan maganin ƙwari. Jami'in da ke zagayawa da mu ya katse bayaninsa. "Mama, kin haɗiye?"

Na kama hannunta na ja ta waje. Muka nufi asibiti da ita, motar coci kuma ta mayar da sauran mata unguwarmu Hanwa, har da maƙwabciyata. Ana duba ta tana mita, wai guda ta fasa ta tofar saboda ɗaci.

Hankalina ya fara kwanciya ke nan ta ce, "Da na ɗanɗana tukuna, ai da ban ƙulla wa yarinyar ba."

"Wace yarinya, Inna?"

"Jikata mana. A fita a dawo mata hannu rabbana? Na ba maƙwabciyarki ta kai mata."

Na kira maƙwabciyar, waya ba ta shiga. Na tare ɗan acaɓa, ko mayafina ban ɗauka ba. 'Yata ƙarama ce, gyaɗa kuwa ko a ƙasa ta tsinta sai ta ci. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hanyar ba.

Na same ta a ƙofar gida, ƙullin leda a cinyarta. Na fizge, na buɗe mata baki da yatsa. Babu ja. Ta fashe da kuka.

"Ban ci ba, Mama. Ke kika ce ba a cin tsaraba sai mai ita ta iso an gode mata."

Na durƙusa na rungume ta. Sai a lokacin na duba ledar. Ƙullin Inna ne, mai wuyar kwancewa, ya jiƙe da yawu, duk sawun ƙananan haƙora.