Ministan Tsakar Gida da Tumatirin Ajar

Toktosun bai taɓa gina ko ɗaki ɗaya ba, ko da yake a ma'aikatar gidaje ƙuruciyarsa ta ƙare. Ma'aikatar nan komai da sashensa: masu rufi daban, masu famfo daban, masu matakala kuwa ko gaisawa ba sa yi da masu taga. Shi rabonsa filin da ke tsakanin benaye. Doka ta ce filin na kowa ne, gogan naka ya fahimci cewa kada kowa ya taɓa. Akurkin kaji, igiyar shanya, ɗan lambu, duk sai ya kawar. A unguwarsu ta birnin Bishkek har suna aka laƙaba masa, Ministan Tsakar Gida. Shi a tsammaninsa girmamawa ce.

Wadda ta fi shan wuyarsa Ajar ce, bazawarar da ke hawan ƙasa. Ta shuka tumatir ya tuge, ta sake ya sake.

Da gwamnati ta sauya aka rushe ma'aikatar. Rufi aka ba hukumar birni, famfo aka ba kamfani, tsakar gida aka manta da ita. Kafin ka ce kwabo gareji-garejin ƙarfe sun cinye filin, har da na ɗan Toktosun. Ajar kaɗai ta zagaye lambunta da waya, ta zauna bakin taga da sanda.

Ana nan sai Burul, matar Toktosun, ta rasu. A al'adarsu, mutuniyar kirki ba ta barin gida zuwa makwancinta sai an kafa mata tantin ulu a tsakar gida, mata na kuka a ciki, maza na karɓar gaisuwa a waje. Motar tanti ta iso, babu inda za a kafa. Toktosun ya garzaya hukumar birni, suka ce su rufi ne nasu. Wani maƙwabci ya ba da shawarar bakin titi, kusa da bola. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne tsohon.

Ya je ya tsaya gaban wayar lambun Ajar, hula a hannu.

"Allah ya jiƙan Burul," in ji Ajar. "Ita kam ko ganye ba ta taɓa taka mini ba. Minista, filin kowa ake nema?"

"Ƙanwata, ba ni da bakin roƙonki."

"Da ma ba da baki kake aiki ba."

Ta buɗe ƙofar lambun. Tumatir ya yi 'ya'ya jingim, saura ƙiris ya nuna. Masu kafa tanti suka matso za su share wurin, ta tare su da sanda.

"Ku dakata, bayin Allah. Akwai gwani a nan."

Toktosun ya durƙusa da ƙyar, ya kama gindin farko. Ashe hannun bai manta ba, ja ɗaya ya fito har saiwa. Yana tugewa yana kuka, Ajar na bin bayansa da bokiti tana tsince ɗanyun, kada masu zuwa gaisuwar Burul su tattake.