Ranar da 'Yata Ta Yi Mini Tafinta

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ranar da 'yata ta yi mini tafinta ba za ta fita daga raina ba.

Na daɗe ina koyar da Turanci a Katsina kafin karatun maigidana ya kai mu Greensboro ta Amurka a farkon shekarun 1980. 'Yata tana aji shida aka ba su aikin gida kan sassan jimla: sashen da ke tsayuwa da ƙafarsa, da wanda sai ya jingina da wani. Ta rubuta independent da dependent, yadda malamarsu ta koya musu. Ni kuwa main da subordinate na sani, su muka gada daga Turawan Ingila. Na sa ta goge nata ta rubuta nawa. Ashe abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Takarda ta dawo jawur da biro, tun daga nan ta daina kawo mini littafinta.

Ranar ganawa da iyaye na ci ado, na tafi da shirin gardama. Malamar ta tarbe ni da fara'a, tana jan kalmomi tana ɗaga murya kamar mai magana da kurma. Sai ta juya ga yarinyar, wai ta fassara mini, tunda ashe yarinyar ta gaya mata mamanta ba ta jin Turanci.

Ni? Ni da na yaye malaman Turanci? Na dubi 'yata, idonta ya ciko. In kalma ɗaya ta Turanci ta fita daga bakina, 'yata ta zama maƙaryaciya a gaban malamarta.

Na haɗiye Turancina. Na ce mata da Hausa, “Tambaye ta, yaya ƙoƙarinki?”

Haka muka yi har aka tashi, tana kame-kame da guntuwar Hausarta, ni ina jiran fassarar abin da na riga na ji sarai.

Muna shiga mota ta fashe da kuka. “Mama, sorry. 'Yan ajinmu sun ce Turancinki na jabu ne. Gara su ce ba ki iya ba da su riƙa yi miki dariya.”

Ina can ina kare sunayen nahawu, ashe ita ni take karewa. Ranar na koyi tambayar yaro abin da ke damunsa kafin in gyara masa rubutu.