Mai Aski Da Tsoron Mantuwa

Abu biyu ne suka yi wa Baba Mai Aski yawa a duniya: surutu da zaƙi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da kujera mai juyawa, da madubi mai tsaga, da aljihun tebur cike da alawa. Da ciwon suga ya kama shi, ko gezau bai yi ba. Aka ce yana taɓa ido, ya ce akwai tabarau. Aka ce ƙafa, ya ce dama shi ba ɗan tsere ba ne.

Rannan likita ta ce masa, "Baba, sugan nan in ya daɗe yana hawa, yana ɓata ƙananan jijiyoyin jini, har na ƙwaƙwalwa. Masu shi sun fi sauran mutane haɗarin ciwon mantuwa in an manyanta. Ba dole ba ne, amma sai da kulawa."

Shi da ya haddace tsegumin unguwa kaf, a ce wata rana ya riƙe kan mutum shiru, ba labari?

Ya dawo ya shiga gwada kansa. Duk wanda ya zauna, sai ya lissafo masa sunan kakarsa da cutar da ta kashe akuyarsu. Wani direba da aka tono masa tsohuwar budurwa ya fice da rabin aski.

Sai ga wani dogo ya shigo. Baba ya dube shi sama da ƙasa, suna ya ƙi zuwa.

Ya ce, "Kar ka faɗa! Ɗan mai faci ne kai?"

"A'a, Baba."

"Surukin birkila?"

"A'a."

Baba ya zube a benci yana salati, ya aika a kira matarsa su yi sallama tun yana gane ta. Ta iso da mayafi a karkace. Sannan dogon ya samu bakin magana: "Baba, ni fa baƙo ne, yau na sauka garin nan."

Matar ta yi dariya har da riƙe ƙofa, Baba kuwa ya tsorata da gaske. Ya bar alawa, ya kama shan magani a kan lokaci, kullum da safe sai ya zaga unguwa da ƙafa. Suga ya sauka, likita ta yaba.

Matar ce ta shiga uku. Yanzu in za ta sha shayinta mai zaƙi, sai ta kulle kicin, don in ya kama ta, wa'azin jijiyoyi za ta sha har shayin ya huce.