Allon da na karanta wa Baffa

A zamanin gwamnatin juyin juya hali aka shimfiɗa wani sabon titi kusa da unguwarmu, Zangon Kwatano. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kwalta baƙa wuluk, faɗinta ya isa motoci huɗu su jera, ga farin layi miƙe har inda ido ya gaza. Mukan tsaya a gefe bayan la'asar muna kallo kawai.

Ina aikin kora shanu ne tare da Baffa, ƙanin mahaifina. Wani attajiri ya ba shi amanar kai shanunsa daga tasha zuwa kasuwa, kuma da wannan yake ci da iyalinsa. Ni kaɗai na taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, shekara uku, don haka ni nake karanta masa duk abin da aka rubuta da Faransanci.

Wata safiya muka iso bakin titin da shanu. An kafa allo. Baffa ya tambaye ni me ya ce. Na karanta sarai a zuciyata: doka ta hana dabbobi da amalanke hawa, motoci kaɗai. Amma raina ya daɗe yana son in taka titin nan. Na ce masa sunan titin ne kawai.

Muka hau. Har yau ina jin ƙarar kofatan a kan kwalta, tas-tas, kamar ana ruwan ƙanƙara. Shanun suka riƙa sunsunar farin layin. Baffa ya cire takalmansa don ya ji santsin da tafin ƙafarsa, yana ta tasbihi, yana cewa ashe ɗan Adam ya kai nan.

Ba mu yi nisa ba jandarmomi suka tare mu. Babbansu ya nuna allon, ya ce, "Kamarad, ba wanda ya iya karatu a cikinku?"

Baffa ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne babba. Ni na ce a hau."

Aka tsare shanun kwana biyu. Attajirin ya karɓe amanarsa ya ba wani. Baffa ya koma sayar da goro a ƙofar masallaci, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai daga ranar, in takarda ta zo masa, maƙwabci yake kai wa.

Ya rasu ban nemi gafararsa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini. Titin yana nan, kuma ko a mota nake, in mun zo wurin da ya cire takalmansa sai in sunkuyar da kai.