Firam Ɗin Da Ya Fi Ƙarfin Maigida

Mijina gajere ne. Yanzu da ya rasu, ni kuma haƙora sun zube, ina iya faɗa, har ma in rubuta. A wancan lokacin ko yanka ni za a yi ba zan faɗa ba.

Sana'arsa tallan atamfa a ƙauyuka. Ya saro a kasuwar Kwari, ya ɗaure a kariyar keke, ya bar Fagge da sassafe ya bi hanyoyin da mota ba ta shiga, duk tsakuwa da kwazazzabai. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo, aka yi wa ma'aikata ƙari, kowane masinja ya sayi babur yana firgita mana kaji a lungu. Malam ya ce shi da kekensa sai mutuwa. Duk Juma'a da yamma sai ya kifa shi a tsakar gida, ya wanke sarƙa da kananzir, ya cusa wa boris giris da yatsa, ya bi wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa. Ni ban taɓa samun rabin wannan kulawa ba, kuma na gaya masa.

Ana gab da azumi, lokacin da matan ƙauye ke yankar kayan Sallah, firam ya karye masa a wuya yana gangarowa daga wani tudu. Firam shi ne ƙarfen da komai na keke yake jikinsa. An sha yi masa walda, mai gyaran bakin layinmu ya ce yanzu kam sai sabo. Aka kawo Malam da gocewar kafaɗa, mai ɗori ya ce ya kwanta. Yana kwance yana tsaki. Matan da suka yi masa sautu in bai je ba masu babur za su kai musu, kuma wadda ta saba da wani ba ta dawowa. Na ce ni zan je Sabon Gari in sayo, kafin ya warke an haɗa. Ya dube ni ya ce, "Ke?" Na ce da ni da firam wa ya fi wani taurin kai?

Mai shagon kayan keken wata mata ce 'yar ƙabilar Ibo, kowa Madam yake ce mata, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibi. Firam a rataye kamar naman mahauta, maza cike da benci.

"Wa zai hau?" in ji ta.

"Maigida."

"Yaya tsawonsa?"

Duk mazan suka juyo. Na ɗaga hannu sama da kaina. Da na ga suna kallo sai na ƙara ɗagawa.

"Uwargida, ba kansa nake tambaya ba. Daga tsakanin cinyoyinsa zuwa ƙasa nake so. Je ki auno da igiya."

"A'uzubillahi! Madam, ke haka kike auna naki?"

"Nawa har faɗin tumbinsa na sani."

Aka kwashe da dariya. Ni da ko sunan mijina ban taɓa kamawa ba, ni za a aika da igiya? Na ce ta sauko min da su in zaɓa. Na bi su ina ƙwanƙwasawa da zobe ina kasa kunne, yadda nake zaɓen randa. Na ɗaga ina jin nauyi kamar mai sayen turmi. Na ɗauki wanda ya fi kowanne girma da amo, baƙi mai zanen ruwan zinare. Zamanin ne haka, komai babba ake so. Na ɗora a ka na ratsa kasuwa ina taku.

Mai gyara ya mayar da ƙafafu da feda da birki da sirdi, yana yi yana satar kallona. Ranar da Malam ya samu sauƙi ya fito da keken ƙofar gida, ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafa ya haye. Ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Sandar sama ta same shi daidai inda Madam ta ce a auno. Ya jima a sunkuye yana salati. Da ya samu numfashi ya ce, "Wa kika sayo wa wannan? Mijin da za ki aura bayana?"

Azumi ya kama, atamfa na jibge a ɗaki. Aka kwance keken, na koma. Igiyar dai na kasa, sai na ƙunshe wandonsa a mayafi. Madam ta warware shi a gaban jama'a ta ɗaga. Wandon Hausa ne, hantsarsa har gwiwa.

"Wannan na mijinki ne ko na ɗanki?"

"Madam, ki rufa min asiri."

"In na bi wannan, keken 'yan makaranta zan ba ki. In kun tsaya tare, ina yake kawo miki?"

Na nuna kunnena. Na ce, "Da hula."

Ta ja ni bayan shago, ta ce in tattare zane in tsallaka. Ni, matar aure, da azumi a baki, ina tsaye da firam tsakanin ƙafafuna ana canja min wani bayan wani. Ta zaɓi wanda ya ba ni sarari sosai, gajere mai kaurin wuya, ta ce irinsa ke jure tsakuwa da kaya. Ta karɓi babban duk da an kankare masa fenti, ta ce dariyar da ta sha ta biya.

Sai tsakiyar azumi Malam ya kama hanya. Ƙauyukan bakin titi duk sun riga sun yanka a wajen masu babur, wasunsu ba su ƙara saye a hannunsa ba har ya bar sana'ar. Na bayan duwatsu ne suka jira shi, su ma don ba mai son kai sabon babur can. Ya dawo kariya ba komai sai ƙullin gyaɗa. Yana shan kunu ya ce keken kamar tela ne ya yanka masa, da me na auna? Na ce da wando. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan kununsa.